Kwandon da Cindo Bai Amsa Ba

Bilkisu, aje tsintsiyar ga ki zamna. Tun jiya kike tambayata mi yas sa katangar ga tam matse ƙohwar ɗakin Yaya Cindo, har mutum bai iya hita da tulu sai ya karkace. Uwarki ba ta sani ba, tana goye a bayana lokacin. Ni kaɗai nir rage cikin waɗanda sunka gani da ido. To bari in hwaɗa miki tun bakina na motsi.

Cindo wana na, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi na babba, ni ta auta. An haihe shi da yatsa shidda a hannun hagu, shi yas sa anka ce mai Cindo. Sunanai na yanka Usumanu, amma ko liman ya mance da shi. Dogo na, baƙi, mai doguwar ƙahwa. Magana ba ta dame shi ba. In kin gaishe shi sai shi ce "lahiya" guda ɗaya shi wuce, kamar saye shike yi da kuɗɗi. Matatai Zalika kuwa baki gare ta kamar ni. Ita da ni in munka haɗu, kaji ma tashi suke daga tsakar gida.

Da can babu katangar ga. Daga bakin ɗakin ga sai ki taka taki goma ki iske rijiya, daga rijiya kuwa garka ta, lambunmu na noman rani, har gangaren hwadama. Gida da garka danga ɗaya. Babanmu da Cindo sunka gina rijiyar da hannunsu, sunka ɗaure bakinta da itacen ƙirya. Ni nike kai musu hura, ina leƙawa ana kore ni. Da baba yar rasu, Cindo yar riƙe wurin. Albasa, tanka mai yaji, tumatir, ɗan taba a gehe. Dut Badaguishiri an san albasar Cindo. Kin ga irin mai jan bayan nan da ke kai damina ba ta ruɓe ba? Ita. Tun assalatu kina jin ƙarar wasaki cikin rijiya, shina ja shina zubawa cikin hwangali, har rana ta take. In ya gaji sai shi zamna bakin rijiya shi ci ɗanyar albasa da gishiri kamar mai cin goro. Zalika ta ce, "Shatu, wanki ko a duhu shike na san inda shike, hancina ka gwada min."

Shekarun nan na bayan tahiyar Nasara an yi ruwa, an yi albarka. Cikinsu na Alhaji Lurwanu yah hwara zakkuwa daga Ƙonni shina sayen albasa. Da jakkai yah hwara, kahin ka ce mi ya yi mota. Mutum na mai hwara'a, ga kyauta. Bai shiga gidan ga hannu wohi ba, ko sabulu ko ɗan sukari na yara. Shi kan zamna bisa tabarmar Cindo shi sha hurar Zalika, shina cewa, "Sarkin noma, kai da ni ai ciki ɗaya na." Shekara wajen goma haka. Wallahi ni kaina ina yi mai addu'a.

Sai hwari yaz zo. Ban san lissahin shekara irin naku na 'yan lakwal masu boko ba, amma damina ta kahin soja su amshi mulki. Hatsi yat tsaya iya gwiwa yab bushe. Buzaye da Hulani sunka gangaro daga arewa ba bisa ko ɗaya, dabbobinsu dut sun mutu, suna saida tabarmi da ƙwarya. Rijiyar Cindo da ba ta taɓa ƙahewa ba tak koma laka. Yaƙ ƙara mata gaba biyu, ruwan da ke taruwa bai wuce na sha ba. Rumbu yaz zama wurin kwanan ɓera. Ga baki tara a gida, ga lanho, harajin gwamnati, dogarin hakimi na zakkuwa kullum shina tsayi a ƙohwa.

Anka kawo jar dawa ta taimako, ana rabo a hilin kasuwa, mutane na jerin gwano. Cindo yac ce shi ba ya tsayawa a ba shi da tiya kamar maroƙi. Ki riƙe wanga hali nai, don shi na tushen zancen. Ni da Zalika muke zuwa a ɓoye, mu lulluɓe kai. In ta yi tuwo ta ce ni nik kawo daga gidan mijina. Shina ci shina kallon jan tuwon. Ina jin ya sani.

Ran nan sai ga Alhaji. Yad dubi yara, yag girgiza kai, har da hawaye. Yac ce, "Sarkin noma, ina raye ɗiyanka su kwana da yunwa? Ga kuɗɗi jikka ashirin da biyat, ga buhun hatsi ukku. Ka jinginam min da garka. Ni ina da hali, in sa a ƙara ma rijiya zurhi. Ran da Allah yah hore maka ka kawo min kuɗɗina ka amshi abinka."

Ke ɗiyar yanzu ta, bari in gwada miki yadda jingina take a wurinmu. Wanda yab ba da kuɗɗi shi ka noma wurin, shi ka cin amfani, ko shekara nawa ta. Amma ƙasa ta mai ita ta. Kuma don kada a mance, duk shekara in an kwashe amfani, sai mai riƙo shi cika kwando guda da na hwarko shi aika ma mai wuri, da rana tsaka, gaban mutane. Kwandon mai ƙasa ake ce mai. In gonar hatsi ta, dame guda. Abin bai taka kara ya karya ba, amma shi na shaida. Kowa yag ga kwando ya shiga gidan wane, ya san wurin nan na da mai shi.

Anka kira liman, anka kira Mamane, wani tsoho maƙwabcinmu, anka ƙirga kuɗɗi gabansu, anka shahwa fatiha. Har an tashi sai Alhaji yal lalubo wata takarda daga aljihu. Yac ce, "Zamani ya canza, komi sai da takarda. Don ko na mutu kada ɗiyana su cuce ka." Rubutun Nasara na, babu mai iya karanta shi cikinsu, har liman. Cindo yad dangwala babban yatsa cikin tawwada yad danna. Ina bayan zana ina leƙe. Har dariya anka yi, Alhaji na cewa shi sa na shiddan ma don ta ƙara ƙarhi.

Hatsin nan shi yat tsamo mu. Gaskiya ta, ba ni ɓoye ta. Ba mu rasa yaro ko ɗaya ba a gidan ga, alhali maƙwabta sun bizne.

Alhaji yas sa wani barannai, Ɗanjuma, magidanci na mai mata biyu da hurhura, shi ka aikin garkar. Anka yashe rijiya, damina tad dawo, albasa tay yi kyau. Cindo na ganin wani na jan wasaki a rijiyar ubanai, sai shi kau da kai shi ɗauki kalme shi tahi tudu, inda anka ara mai 'yar gona.

To ranar da abin yal lalace, ranar kasuwa ta. Ina tuyar ƙosai kusa da rumhwar mahauta, inda dattawa ka zama. Cindo na cikinsu. Sai ga Ɗanjuma da kwando bisa kai, cike da albasa, yad dire shi gaban Cindo. Da ya ce "ga kwandon mai ƙasa", da shi ke nan. A'a. Sai yaɗ ɗaga murya, kainai a ƙasa, yac ce, "Alhaji ya ce a kawo maka sadaka. Ya ce ya san gidan ba komi, a ba yara su samu na miya."

Wani mahauci yac ce, "Ikon Allah, yau sarkin albasa aka ba sadakar albasa." Anka yi 'yar dariya. Nig ga jijiyar wuyan Cindo ta tashi. Yam miƙe, yat tura kwandon da ƙahwa, ba da ƙarhi ba, yac ce, "Ɗauki ka mai da mai. Ka ce ban kai nan ba tukuna. Ba ni so."

Ɗanjuma yat tsaya, yac ce a hankali, "Malam Cindo, ka dai amsa."

"Na ce ba ni so. Ko kurma na kai?"

Bilkisu, kin san abin da niy yi? Daɗi nij ji. Nic ce a raina, yauwa ɗan babana, gwada musu. Har ƙosai niƙ ƙara ma mai saye don murna. Da maraice niz zo nan ina ba Zalika labari ina taɓa hannu. Ita ba ta yi dariya ba. Ta aje muciya tac ce, "Shatu, ke da wanki kanku ɗaya, ba komi ciki sai iska. Kwandon mai ƙasa na hwa yam mai da."

Nic ce, "Sadaka anka ce, da kunnena nij ji."

Tac ce, "Ko mi anka kira shi, kwando na, albasar garkarmu ta, gaban mutane na."

Tay yi ma Cindo magana, yac ce Alhaji ba ya yi mai haka, an ci an sha tare. Baɗi kwando bai zo ba. Tac ce shi tahi shi tambaya. Yac ce, "In tahi Ƙonni in ce ma mutum ina albasata guda ashirin? Bayan na mai da ta gaban jama'a? Da wane ido?" Shekara ta ukku ma shiru.

Shi kuwa abin da yas sa gaba, shi tara kuɗɗin mutane. Da an gama girbi sai shi ɗauki dagi da igiya shi ƙetare iyaka, shina ginar rijiyoyi a ƙauyukan Sakkwato. Rani ukku. Shi kan dawo ya rame, tahin hannunai ya tsattsage kamar ƙasar tabki. A rani na biyu ƙasa tar rubza mai a cikin wata rijiya, anka jawo shi da kyar, tun daga nan tari bai bar shi ba. Ko riga bai ɗinka ba cikin shekarun nan. Naira shike tarawa cikin wata 'yar jikkar hwata, yak kai Ƙonni anka canza mai, kuɗɗi sunka cika cib, har da ɗan goro bisa.

Mijina yar raka shi gidan Alhaji. Shi yab ba ni labari. Anka shimhiɗa musu darduma, anka kawo lemu na kwalba. Cindo yaz zube kuɗɗi yac ce, "Alhaji, Allah shi saka da alheri. Ga amanarka, na zo amsar tawa."

Alhaji yad dubi kuɗɗin, yad dubi Cindo, yac ce, "Wace?"

"Garka."

"Subhanallahi. Sarkin noma, rana ta taɓa ka a hanya? Garkar da kas saida min?"

Yaj jawo takardar nan. Yac ce ciniki na, ba jingina ba, kuma har da gida, don danga ɗaya ta. Wai don zumunci yab bar su ciki shekara ukku ba haya. Yanzu kuwa shina son wurin, za shi gina ma'ajin albasa, su nemi inda za su koma kahin damina. Mijina yac ce sai Cindo yad duƙa. Yat tattara kuɗɗinai ɗaya ɗaya, yab bar lemun bai sha ba.

Kwana biyu bai ci abinci ba. Ni da Zalika munka ce ba mu zama. Wata mai saida daddawa tac ce min akwai wani tsoho a birni, Malami, da shi ka yi ma Nasara tafinta a da. Yanzu shina zama ƙarƙashin icen bedi a ƙohwar gidan shari'a da ɗan tebur, shina rubuta ma talakawa takardar kuka. Munka ja Cindo kamar ana jan rago, munka hau motar albasa.

Malami ɗan guntun mutum na, ido ɗaya ya yi hwari, kwat ɗinai ta koɗe, ga alƙalami ukku a aljihu. Yad dube mu yac ce, "Wa ka magana cikinku? Don na ga dogon ga ba shi da niyya." Nih hwara, Zalika na gyara min, ina gyara mata. Yac ce, "Ɗaya ɗaya, bayin Allah, kunnena ma ɗaya ka aiki."

Da munka gama yac ce, "Ni ba lauya ba na. Lauya na Yamai, kuɗɗin motatai kaɗai sun hi garkarku. Amma na san ƙohwar da aka bi a gidan ga. Ku na na biyat da sunka zo min da sunan Alhajin ga. Biyu daga Tajaye, biyu daga wajen Malbaza. Dut shekarar yunwa, dut da takarda."

Yas sa anka kira Alhaji da sammaci, anka aje takardar a buro, ofishin alƙali, yash shiga yak karanto ta. Yah hito yac ce, "Saye anka rubuta, babu shakka. Amma ba hatimin hakimi, ba tambur na gwamnati, ba sunan wanda yak karanta maka ita da Hausa. Wagga ina iya kashe ta. In ta mutu, sai a koma ga al'ada. Alƙali na zama da dattawa biyu masu sanin al'adar ƙasa, abin da sunka ce shi ka yin nauyi. Su wa anka yi gabansu?"

Munka ce liman, amma ya rasu bara waccan. Sai Mamane.

"Mamanen ga, Alhaji na bin shi bashi?"

Munka dubi juna. Shina bi.

Yac ce, "To. A bar Mamane. Wata tsohuwa ta Tajaye ba ta da shaida ko ɗaya, amma duk shekara da kanta take zuwa gonar ta ɗauko damenta bisa kai ta ratsa gari da shi. Watan jiya anka mai da mata gonarta. Kai ma haka za mu yi. Kwando nawa kas samu, ukku? Su wa sunka gani?"

Cindo yas sunkuyar da kai. Zalika tar ruhe baki da gehen zane. Ni nib ba da labarin ranar kasuwa. Malami ya aje alƙalami bisa tebur a hankali. Ya daɗe shina kallon Cindo da idon nan guda. Yac ce, "Sadaka yac ce a ce maka?"

"I."

"Ya san ka ƙwarai. Shekara goma shina shan hurarka, ba banza ba."

A hanyar komawa nic ce ma Cindo, "Yaya, ka ce ka amsa daga baya. Ka ce Ɗanjuma ya biyo ka gida da shi. Ni da Zalika mu shaida." Yaj juyo yad dube ni, irin kallon baba. Yac ce, "Shatu, garka ta tahi, in bi ta da lahirata?" Ban sake ba.

Malami bai yi kwance ba. Sau biyu shina hawan mota shi zo Badaguishiri da ƙahwatai mai ciwo. Yaz zagaya gida da garka, yat tambayi maƙwabta, yaz zamna da Mamane har la'asar. Bai amshi ko dala ba sai kuɗɗin tambur. Zalika ta dama mai hura da nono, shi sha shi ce, "Wagga ta biya rabin aikin." Ya je wurin Ɗanjuma ma. Ɗanjuma yay yi ta kuka, yac ce ɗiya goma sha ɗaya gare shi, dut a hannun Alhaji suke ci.

Ranar shari'a ɗakin ya cika. Alƙalin matashi na, da gilashi, dattawa biyu na gehenai da rawunna. Anka bar Malami shi tsaya kusa da Cindo don shi ba ya iya jera magana. Wallahi tsohon nan ya yi ƙoƙari. Yay yi ta Faransanci shina nuna takarda, shina nuna yatsan Cindo. Alƙali yaj juya ta gaba da baya, yat tambayi Alhaji wa yar rubuta, wa yak karanta ma mai wuri. Alhaji yay yi ta kame-kame. Sai alƙali yat tura ta gehe yac ce wagga ba ta tsaya ba. Zalika tad damƙe hannuna har nij ji zahi. Nic ce mun ci.

Sai Alhaji yag gyara babbar riga yac ce, "Ranka shi daɗe, a bar takarda. A tambayi al'ada. In jingina ta, ina kwandon mai ƙasa? Ni don tausai na aika mai da albasa shekarar hwarko. Gaban kasuwa guda yat ture ta da ƙahwa. Shekara ukku bai nema ba, bai aiko ba. Mai ƙasa na yin haka?"

Anka kira Mamane. Yac ce shi tsuhwa ta kama shi, ya dai tuna an ƙirga kuɗɗi, sauran bai riƙe ba. Bai dubi inda muke ba.

Ɗaya cikin dattawan, mai hwarin geme, yac ce, "Malam Usumanu, an kawo maka kwando?"

"An kawo, ranka shi daɗe."

"Ka amsa?"

"Ban amsa ba."

"Don mi, ɗana?"

Cindo yay yi tari. Can yac ce, "An ce sadaka ta."

Tsohon yar runtse ido. Ina ganin bai so ba. Yac ce a al'ada wanda yam mai da kwando gaban jama'a, kuma bai nemi na baya ba, ya gwada ma duniya ya cire hannu. Mai nema shi ka kawo shaida, in babu, wanda anka kai ƙara shi rantse. Anka kawo Alƙur'ani. Alhaji yay yi alwala yaɗ ɗora hannu, ko ƙibta ido bai yi ba. Ni dai na bar shi da Wanda yar rantse da littahinai. Alhajin ma ya daɗe da tahiya lahira.

Munka ɗauka an gama, har Alhaji ya hwara amsar barka. Sai Malami yaɗ ɗaga hannu yac ce, "Ranka shi daɗe, saura gida. In al'ada ta ci garka don an ga Alhaji na riƙe da ita, to gidan wa anka gani a ciki? Ya taɓa kwana nan? Ya taɓa yaɓa laka ko sau ɗaya? Mai gida ya yi rani ukku a waje, matar ga ba ta bar murhun nan ya mutu ba ko yini guda. Ga maƙwabta shidda a waje na kawo, a tambaye su." Anka shigo da su ɗaya ɗaya. Dattawa sunka haɗa kai sunka yi ƙus-ƙus. Mai hwarin geme yac ce abin da mutum bai taɓa riƙewa ba, kuma ba takarda, ba nai na ba. Alƙali yar rubuta, garka ta Alhaji, gida na Cindo, yab buga hatimi.

A waje Malami yab ba Zalika takardar, ba Cindo ba. Yac ce, "Ke za ki aje ta. Ki sa cikin gwangwani don gara." Yad dahwa kahwaɗar Cindo, sai da yay yi ɗage don shi kai, yac ce, "Ka gahwarce ni, rabi nis samo maka." Cindo yac ce, "Allah shi biya ka, Malam." Takardar na nan har yau wurin Saminu, ɗan Cindo, cikin gwangwanin.

Bayan kwana bakkwai magina sunka zo. Alhaji yas sa anka ja katanga daidai inda ɗaki yaƙ ƙare, ko taki biyu bai bari ba. Rijiya tah hwaɗa can ciki. Zalika da ke miƙa hannu ta ɗebi ruwa tak koma zuwa rijiyar gari da tulu. Kuɗɗin da yat tara kuwa, tari yac cinye su, daga wanga likita zuwa wancan boka.

Bai sake noman rani ba. An yi mai tayin wani wuri a hwadama, yac ce ƙirjinai ba ya ɗauka. Nan shike zama inda kike zamne, bayanai jingine da katanga. Da sahe ana jan wasaki a can ciki, shina ji. Wata rana yac ce min, "Shatu, igiyar ga ta kusa tsinkewa, ji yadda take kuka. Kuma suna ba albasa ruwa da rana tsaka, za ta ƙone." Nic ce ina ruwanka. Yac ce, "Albasar mi tay yi?"

Rani na biyu bayan shari'a, ran da anka kwashe albasa, ina nan gidan da hantsi. Sai munka ji motsi bisa katanga. Ɗanjuma na, ya hau wani abu, yam miƙo kwando cike. Ba wanda ya aiko shi. Idanunai jajir. Nig ga Cindo ya miƙe da sauri, mutumin da sai an kama shi shike tashi. Yat tara hannu biyu ya amsa. Yac ce, "Na amsa, Ɗanjuma. Ka gani, na amsa."

Yaɗ ɗauki kwandon da kainai, shina haki, yak kai shi ƙohwar gida bakin hanya ya aje, yaz zamna kusa da shi. Duk wanda yab biyo sai shi gaishe shi da ƙarhi, shi da bai gaisuwa, don a juyo a gani. Mutane su amsa, su dubi kwandon, su sadda kai su wuce. Kowa ya san an riga an buga hatimi. Shi ma ya sani. Zalika tac ce a kawo ta yi miya da ita, yac ce a bari tukuna. Kullum da sahe shi hitar da shi, da maraice shi shigo da shi. Har albasar tat tsiro cikin kwando, koren ganye yah hito ta ramukan saƙa.

Kahin ruwan hwarko yar rasu. Da anka zo ɗaukar gawa, makara ba ta iya juyawa a ƙohwar ɗakin ga saboda katanga. Sai da anka hito da shi a hannu, a karkace, kamar yadda kike hita da tulu.

Albasar nan da tat tsiro, Zalika tad dasa ta cikin wata hwasasshiyar kwatanniya nan gindin bango, tana ba ta ruwan wanke-wanke. Ta yi iri. Waccan da kike gani kusa da murhu jikanyarta ta. Tashi ki zuba mata ruwa, rana ta sauka. Ki bi a hankali wurin ƙohwar, kada ki goge kahwaɗa.